Alhaji Abdulkabir, Mai Hawa Dutse a Zaure

Garin Marken Sambo ya samu rabo iri-iri. Yana da ƙasa mai karɓar gero, yana da fadamar albasa a tsallaken rafi, yana da rijiyar da ba ta ƙafewa ko da bazara. Amma babban rabon, wanda sauran garuruwan ƙasar Gezawa suke hange suna haɗiyar yawu, shi ne Alhaji Abdulkabir.

Injiniya ne. Kada wani ya tambayi takarda. Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikatar ayyuka a birni yana riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye hulunan kwanon injiniyoyi, kuma duk mai hankali ya san ilimi yana naso. Babu gadar da aka gina a zamaninsa sai da ya buɗe wannan ɗaki tukuna. Da ya yi ritaya ya dawo gida da abu uku: hular kwano guda ruwan ɗorawa, tumbin da ke rigansa shiga masallaci, da kalmar "a kimiyyance", wadda yake barbaɗa wa kowace magana kamar gishiri. Bai cika wata uku da dawowa ba jama'a suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ci gaban gari, ba hamayya. Shi ya kawo shawarar a kafa ƙungiyar, shi ya rubuta tsarinta, kuma a zaurensa aka yi zaɓen, bayan an ci tuwonsa.

Wata rana ya je asibiti a birni. Likita ya auna jininsa, ya dubi abin awon, ya sake aunawa, sannan ya ce masa ya riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe. Alhaji ya saurara da haƙuri irin na manya. Yaron likitan bai san Marken Sambo ba. In mutum kamarsa ya fito yana taka sayyada a tsakanin gonaki, kafin ya yi taku hamsin masu babur uku sun tsaya suna tambaya ko motar ce ta lalace.

Matarsa, Hajiya Ramlat, ta ce, "To Alhaji, ga gonar bayan gida. Ɗauki fartanya mana. Mahaifinka da ita ya kai tamanin."

Ya dube ta da tausayi. Mace ce mai kirki, sai dai ba ta zauna a birni ba.

Bayan wata guda akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan da wani kwali mai faɗin ƙyauren masallaci. Keke ne, amma ba irin wanda aka sani ba. Wannan ba ya zuwa ko'ina. Ƙafa ɗaya gare shi, ta ƙarfe mai nauyi, ita ma ba ta taɓa ƙasa. A saman hannunsa akwai allo mai faɗin faranti, inda ake nuna wa mahayi titunan ƙasashen duwatsu. Abin da ya sa Alhaji ya yi odarsa tun daga ƙetare kuwa shi ne wannan: idan titin cikin allo ya kama hawa, sai keken ya ɗaga kai sama kamar akuya ta hango ganye, idan titin ya gangara, sai ya sunkuya. Mutum yana zaune a ɗakinsa, jikinsa yana rantsuwa dutse yake hawa.

Wannan babban ci gaba ne ga Marken Sambo, garin da ƙasarsa take shimfiɗe kamar faifai. A nan in tunkiyarka ta ɓata, turmi za ka taka ka hango ta.

Haɗa keken ƙaramin aiki ne, injiniya kuwa ba ya ƙaramin aiki, don haka aka kira Iliyasu mai gyaran keke. Shekara talatin Iliyasu yana zaune a gindin dalbejiyar bakin kasuwa, kuma yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: keke ba ya barin hannunsa birki yana cin ƙafa. Ya haɗa komai tsaf, aka jona wa abin wutar sola, Alhaji ya shiga cikin gida cin abinci, shi kuma ya hau don gwaji. Da farko lafiya lau. Da keken ya ɗaga kai sai ya ji feda ta yi nauyi kamar an cusa mata yashi. Ya sauka ya leƙa. Ga shi kuwa: wani ƙarfe mai maganaɗisu, da zarar keke ya ɗaga kai sai ya matso kusa da ƙafar ya riƙe ta.

Iliyasu ya girgiza kai. Ashe Turawa ma suna aikin gaggawa.

Masu keken da gangan suka sa wannan ƙarfe, domin shi ne hawan. In babu shi, abin da ya rage ɗaga kai ne kawai. Amma wannan bayani yana cikin littafin da ya zo a kwali, littafin kuwa Alhaji ya jingine shi a kan talabijin don baƙi su gani. Iliyasu ya kwance noti biyu, ya zare ƙarfen, ya ɗiga mai a inda ya kamata. Ƙafar ta shiga juyawa kamar ba za ta tsaya ba sai gobe. Bai gaya wa kowa ba. Babban mutum ya yi oda daga ƙasar waje, ba ka buɗe baki ka ce masa an sayar masa da mai lahani. Rufa masa asiri ake yi.

Tun daga washegari Alhaji ya fara hawa duwatsu.

A zaure aka kafa keken, yana fuskantar hanya, kuma ƙofa a buɗe take, saboda iska. Bayan an dawo daga sallar asuba rana ta ɗan fito, sai ya bayyana da hular kwanonsa, da wani wando mai kama jiki da ya zo tare da keken. Hajiya Ramlat ta ga wandon sau ɗaya, ta ce in dai tana gidan ba za a fita da shi tsirara ba, don haka jallabiya ake ɗora masa. Sai a kunna fanka. Sai wani Bature ya fito a allo yana daka tsawa, jijiyoyin wuyansa a tashe, gumi yana zuba. Alhaji yana amsa masa da Turanci, cikin natsuwa, ko haki babu. Wani lokaci har tausaya masa yake yi.

"Kun ga wannan? Shi ne malamin, wai. Dubi yadda yake wahala. Ba su da gero a can."

Shi allon bai san an zare komai ba. Yana ganin ƙafa tana gudu a kan dutse mai tsayi, sai ya riƙa zuba wa Alhaji lambobin yabo. A gefensa akwai jerin sunayen mahaya na duniya, kuma cikin mako biyu Alhaji ya wuce wani Bajamushe da ya ce sun daɗe suna takun-saƙa. Ya hau duwatsun Faransa ya sauko kafin koko ya huce. Ya hau wani na Italiya yana amsa waya. Sunayen duwatsun kullum da yadda yake faɗarsu, babu kuma mai gyara masa.

Masu wucewa gona suka saba. Sai su tsaya a bakin zaure da fartanya a kafaɗa.

"Sannu da hanya, Injiniya."

"Yauwa, sannunku."

"Ya aka baro mutanen Turai?"

"Suna nan ƙalau. Sanyi ne dai ya dame su."

Suka sa masa Na-Tudu. Wasu suna cewa Matafiyi. Tsofaffin mata kuwa Alhaji Bai-Iso-Ba suke kiransa, amma a bayan idonsa. Duk sunayen sun kai kunnensa, in ban da na ƙarshen, kuma ya karɓe su da tawali'u. Bayan kwana arba'in tumbin yana nan inda aka bar shi, har ya ɗan ƙara gaba. Alhaji ya bayyana wa Hajiya cewa a kimiyyance kitse ba ya tafiya haka kawai, taruwa yake yi wuri guda tukuna kafin ya koma tsoka.

"To Allah ya sa ya gama taruwar," in ji ta.

A duk faɗin Marken Sambo hawa ɗaya ne tak na gaske, shi ne hawan rafi. Tsakanin gari da fadama akwai rafin da ke ƙafewa da rani, gaɓarsa ta wajen gari kuwa a miƙe take, taku arba'in, kowace damina ruwa yana ƙara zaizaye ta. Mota ba ta sauka. Duk albasar da za ta kasuwar Gezawa ta nan take bi, buhu-buhu a bayan kekuna, kuma ba mai hawa da kaya. Sauka ake yi a tura, ƙirji a jikin sirdi, yatsun ƙafa suna neman abin kamawa. Mutanen tsallake ma ta nan suke zuwa masallacin Juma'a da makaranta da ɗakin shan magani. Bara da damina Malam Kamilu, manomin albasa da gidansa yake tsallake, ya ɗauko 'yarsa a keke za shi da ita asibiti. Hawan ya yi santsi. Sau uku suna zamewa su koma ƙasa. Da suka isa, sai dai aka yi masa gaisuwa. Bai taɓa ɗaga maganar a taro ba, babu kuma wanda ya taɓa ɗaga masa ita.

Al'adar garin ce, sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a yi babbar gayya: duk namiji mai lafiya ya fito da diga ko shebur, a yi wa gari aiki guda a yini guda. Ɗaya ce, ba a yin biyu, domin daga ita sai sharar gona. Bana kowa ya san inda za ta. Za a sare hawan rafi a kwantar da shi, a zuba masa burji.

Kowa ya sani ban da shugaban ƙungiyar ci gaban gari, wanda yake da hangen da ya fi haka nisa. Shi so yake a buga tubali a gina wa keken ɗaki a bakin hanya, da allon suna: Cibiyar Motsa Jiki ta Injiniya Abdulkabir. Har ya zana taswirarta a bayan kwalin keken.

Aka zauna bayan Juma'a a ƙofar gidan Mai unguwa Sammani, dattijo marar yawan magana wanda yake sauraron ƙara ido a lumshe. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya bari shiru ya nuna.

"Jama'a, matsalar garin nan ba tudu ba ce. Matsalar garin nan cinya ce. Ni da safiyar nan na hau dutsen da ya ninka hawan rafinku sau ɗari biyu, na sauko, na karya kumallo. Na yi lissafi. A kimiyyance, miƙewar hawan da kuke kuka da shi ba ta wuce kashi takwas cikin ɗari ba. Ni da kashi ashirin nake wartsake barci. Turawa jirgi suke shiga su je inda tudu yake. Ku an ba ku guda kyauta, har gida, kuna neman ku kai masa diga! In kuka sare tudun nan, me za ku bar wa 'yan baya? Faifai? Ku gina cibiya, in horar da ku rukuni-rukuni. Wata shida kawai nake nema. Za ku riƙa hawa rafin nan kuna taɗi."

Wasu samari biyu da suke cin abincin rana a gidansa suka tafa.

Malam Kamilu yana zaune a gefen tabarma, siriri, mai furfura a gemu, ya naɗe ƙafafu. Ya ɗaga hannu kaɗan.

"Injiniya, tambaya ce da ni. Duwatsun nan, da kaya kake hawansu?"

"Wane irin kaya?"

"Albasa, misali."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji ma ya yi, don ya nuna ba ya ƙyamar talaka.

"Malam Kamilu, ga wanda ya horu, kaya da rashin kaya duk ɗaya ne. Sirrin yana numfashi. Ku da kuke sauka kuna turawa, rashin sani ne ya sauke ku, ba nauyi ba."

Mai unguwa ya buɗe ido ɗaya.

"To ai magana ta yi sauƙi. Asabar ta sama kowa ya zo bakin rafi da kayan aikinsa. A ɗaura wa Injiniya buhu guda a keke, kamar yadda muke ɗaurawa. In ya hau har sama ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, daga nan mu wuce bugun tubali, ni zan fara kwaɓa ƙasa. In kuma ta taɓa, diga tana hannu. Ka yarda, Injiniya?"

"A sa buhu biyu," in ji Alhaji.

"Guda dai, Injiniya," in ji Malam Kamilu. "Albasar tawa ce."

Aka shafa fatiha a kan haka.

Ba kowa ne ya tafi gida da kwanciyar hankali ba. Mutane da idonsu sun ga keken nan ya ɗaga kai har jallabiyar Alhaji tana zamewa baya, shi kuwa yana murza feda yana amsa gaisuwa. Iliyasu ma, da aka tambaye shi a gindin dalbejiya, ya ce shi dai bai taɓa ganin mai juya ƙafa irin Injiniya ba, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Wasu suka fara tambayar inda za a samu ƙasa mai kyau ta tubali.

Hajiya Ramlat ce kawai ba ta cikin shakka. Ranar Alhamis tana zuba masa miya ta ce, "Alhaji, rabonka da keken da ke tafiya fa tun ina amarya. Ka ari na Iliyasu mana, ka zagaya ta bayan makaranta inda ba kowa, ka ɗan gwada."

"Hajiya, wanda ya sauke Alƙur'ani ba ya komawa ya gwada babbaƙu."

"Ai tilawa ake yi, Alhaji."

Amma washegari, don ya kwantar mata da hankali, ya zaɓi dutse mafi tsayi a allon ya haye shi sau biyu.

Ranar Asabar da hantsi gari ya taru a bakin rafi. Maza da diga da shebur da baro, mata daga nesa a ƙarƙashin mangwaro, mutanen tsallake a ɗaya gaɓar. Motar Alhaji ta tsaya a inda mota take iya tsayawa. Ya fito da hular kwano da jallabiya, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya kama gangarawa cikin rafin da ƙafa. Tun a gangarar gwiwoyinsa suka fara wata magana da bai san su da ita ba. Da ya isa ƙasa ya juyo ya dubi hawan. Daga nan ƙasa ya fi kashi takwas. Kuma duwatsun Turai duk da kwalta suke, babu mai rairayi, babu mai ramukan da ruwa ya ci. Ya yanke hukunci cewa rana ce take ruɗin ido.

Keken Malam Kamilu aka kawo, baƙi, tsoho, kariyarsa ta ɗaukar kaya an ƙara mata rodi. Iliyasu ya kwana biyu yana gyara shi don kada a ce an cuci Injiniya: ya ba shi iska, ya ɗaure sarƙa, ya shayar da shi mai. Aka ɗora buhun albasa a baya aka ɗaure da roba.

Alhaji ya dafa sirdi ya fuskanci jama'a.

"Ku lura da kyau, domin ba kullum za ku ga wannan ba. Ku lura da kafaɗa, ba ta motsi. Ku lura da numfashi: biyu ciki, biyu waje. Masu waya su ɗauka, don makarantu."

Ya ɗaga ƙafa ya hau. Keken ya karkata hagu. Wannan sabon abu ne. Na zaure sama da ƙasa kawai ya sani, bai taɓa karkata gefe ba. Iliyasu ya tare, ya miƙar da shi, ya ɗan tura shi har ya fita daga rairayi ya kama ƙasa mai tauri. To fa. Abin da jiki ya koya a ƙuruciya bai gudu ba. Keken ya miƙe, ya yi layi sau biyu, ya daidaita. Alhaji ya murza feda da saurin da ya saba, keke ya ɗauki gudu, jallabiya ta cika da iska. Samarin nan biyu suka ɗauki kirari. Taku biyar na farkon hawan ya haye su kamar babu su. Malam Kamilu yana tsaye a cikin rafin da hannaye a baya, yana kallon ƙafar keken, ba fuskar kowa ba.

Keke ya ɗaga kai. Alhaji ya yi murmushi. Ai nan gida ne.

Sai feda ta mayar masa da martani.

A rayuwarsa ta mahayin duwatsu feda ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ya danna, ta danno. Ya ƙara dannawa, ta tsaya tana jiran ƙarin bayani. Wani zafi ya taso daga gwiwa ya bi cinya. Numfashin nan na biyu ciki biyu waje ya koma duk waje.

"Wa ya riƙe ni?"

Ya waiga. Babu kowa sai buhu.

"Iliyasu! Birki yana ci!"

Iliyasu ya dafe ƙirji. Shekara talatin ba a taɓa gaya masa haka a bainar jama'a ba.

"Wallahi Injiniya babu abin da yake ci! Da hannuna na duba!"

Babban yatsan Alhaji ya shiga laluben maɓallin da ake dannawa a sauya dutse. Ya samu wani abu ya danna. Ƙararrawa ce. Ta buga sau biyu, garau, duk rafin ya ji. Wata tsohuwa daga gindin mangwaro ta ce a ba shi hanya.

Saura dabara ɗaya, wadda Baturen allo yake yi in abu ya yi tsanani: a miƙe tsaye a kan feda. Alhaji ya yunƙura ya finciki hannun keken don ya tashi. Jikinsa bai tashi ba, amma ƙafar keken ta gaba ta tashi. Buhu ya ja baya. Na ɗan lokaci keke da mahayi suka tsaya cak a taku na goma sha ɗaya, suna kallon sama, kamar hoton da ake sa wa a kalanda. Daga nan suka fara komowa. Ba su yi sauri ba. Sun bi hanyar da suka zo, da baya, cikin mutunci, Alhaji yana ta salati, har rairayin rafi ya karɓe su gaba ɗaya. Buhun ya fashe. Albasa ta watsu tana gangara ko'ina.

Gaskiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Tana sama. Sauran jikin ne duk ya taɓa.

Aka ruga aka ɗaga keken daga kansa. Babu karaya, babu jini, hular kwano ta yi aikinta na farko tun da aka ƙera ta. Sai dai cinyar dama ta ɗaure tamau, ko miƙewa ba ya iya yi. Aka zaunar da shi ana yi masa sannu, masu yin sannun suna cizon leɓe.

Mai unguwa daga sama ya ce, "To jama'a, bismillah." Ya tofa yawu a tafi ya ɗaga diga. Sai ya tsaya. "Af. A fito da Injiniya tukuna. In muka fara sara, sai la'asar zai samu hanya."

Mota ba ta sauka. Baro ya yi masa kaɗan. Mutum huɗu suka gwada ɗaukarsa, suka yi taku uku suka ajiye suna duban juna. Malam Kamilu ya gama tsince albasarsa ya tara a gefe, ya buge rairayin da ke jikin kekensa, ya ninke buhun da ya fashe ya shimfiɗa a kan kariya.

"Bismillah, Injiniya. Za ka riƙe, ko a ɗaure?"

"Zan riƙe."

Aka ɗora shi, ƙafafu biyu a gefe guda. Malam Kamilu ya tuɓe takalmi, ya kama hannun keke, ya sa ƙirji a jikin sirdi. Iliyasu ya dafa ta baya. Aka fara hawa, taku ɗaya, a tsaya, taku ɗaya, kamar yadda ake yi kullum.

Wajen taku na goma numfashin Alhaji ya dawo, da shi kuma ilimi.

"Ka ga, Malam Kamilu, kuskurenka a kafaɗa yake. Ka sake ta. Yauwa. Biyu ciki, biyu waje. Kada ka kalli ƙasa, kalli gaba. Iliyasu, kai kuma turawarka ba ta da tsari." Ya ɗaga murya don na sama su ji. "Jama'a, alhamdu lillahi, binciken da na sauka yi ya kammala. Wannan ba tudu ba ne da aka yi bisa ƙa'ida. Tudun ƙa'ida yana ɗaga keke ne kawai, ba ya riƙe ƙafa. Wannan riƙewa yake yi. Na ji da jikina. A kimiyyance yana da lahani tun asali, kuma a matsayina na shugaban ƙungiya na amince a gyara shi. Zan tsaya a kan aikin da kaina."

"A zaune dai," in ji Hajiya Ramlat, wadda ta iso bakin gaɓa da man zafi a hannu.

Taku talatin da takwas, talatin da tara. Ƙafar gaba ta taɓa saman gaɓa. Aka sauke shugaban ƙungiya a inuwa, aka jingina shi da tayar motarsa, yana ci gaba da bayanin inda ya kamata a fara sara ga waɗanda tuni suka fara.

Malam Kamilu ya jingine keken, ya tsaya dafe da gwiwoyi har numfashinsa ya daidaita. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Mai unguwa ya miƙa masa diga.

"Sannu, Malam Kamilu. Yaya kayan?"

Ya karɓi digar, ya gwada ƙotarta a ƙasa.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Nauyin dai ɗaya ne. Sai dai ita albasa shiru take yi, kuma in an kai ta sama ana samun mai saye."